Babi na 6: Daga Lungunan Malaka zuwa Bakin Gulbin Jega

A 'yan shekarun nan da wuya a shiga wata babbar makaranta a Arewa a rasa malamin da ya yi digiri na biyu ko na uku a Malesiya. Jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, ita ma tana da nata rabon. Ɗan Karaye ko ɗan Jega da karatu ya kai shi can yakan ƙare shekarunsa tsakanin ɗakin bincike da masallaci da manyan kantunan Kuala Lumpur. Idan hutu ya samu, kuma aljihu ya yarda, sai abokai su ce a je Malaka. Tafiyar kamar awa biyu ce a bas, a miƙe kudu, kuma wanda ya san garin zai ba da shawara guda: a sa takalmi mai daɗin tafiya, a fita da sassafe, domin garin yana dab da tsakiyar duniya, zafinsa mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Kabi ba.

Inda kowa ke farawa shi ne dandalin jajayen gine-gine da ke bakin kogi. A nan gidan gwamnan Turawan Holan yake, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 17, ga kuma cocinsu na 1753 da shekarar a rubuce a goshinsa. Masu keke mai ƙafa uku sun yi layi, sun lulluɓe kekunan da furannin roba da 'yartsana, kiɗa na tashi daga kowanne, suna kiran baƙo ya hau. Wanda ya hau zai sha iska, zai ɗauki hoto, amma tsohon garin ba zai buɗe masa ba. Lungunan da suka fi komai daraja suna ƙetaren gada, kuma a ƙafa ake cin moriyarsu.

Wajen shekarar 1400 ne wani ɗan sarki mai suna Parameswara, wanda yaƙi ya koro daga tsibirin da yau ake kira Singafo, ya sauka a bakin wannan ƙaramin kogi. Ya iya zaɓen wuri. Mashigin ruwan da ke tsakanin Sumatara da yankin Malayu shi ne hanyar duk jirgin da ke tsakanin Indiya da Sin, kuma jiragen wancan zamani iska ce ke tura su. Iskar tana kaɗawa ta fuska ɗaya na wasu watanni, sannan ta juya. Ɗan kasuwar da ta kawo daga Gujarat ko daga gaɓar Sin dole ya zauna ya jira ta juya kafin ya koma gida. Mai jiran watanni kuwa yana bukatar masauki da rumbun ajiya da wurin ibada, wani lokaci har da mata. Haka garin ya cika. Sarakunansa suka karɓi Musulunci a cikin ƙarni na 15, suka naɗa shugabannin tashar jirgi guda huɗu, kowanne yana kula da baƙin wata nahiya. Tomé Pires, Bature ɗan Fotugal da ya zauna a garin jim kaɗan bayan mutanensa sun ci shi da yaƙi a 1511, ya rubuta cewa ana jin harsuna 84 a tashar. Holan ta ƙwace daga hannun Fotugal a 1641, Ingila ta karɓa da yarjejeniyar 1824.

Duk wannan ana iya karanta shi a littafi. Abin da ƙafa ke ƙarawa shi ne ganin yadda mutanen suka zauna kusa da juna. Bayan an haye gada, akwai wani siririn titi da ya fara da layin maƙera, ya zarce layin maƙeran zinariya, ya ƙare a layin gidajen ibada. A tafiyar da ba ta wuce minti goma ba baƙo zai wuce wurin ibadar Hindu na 1781, da masallacin Kampung Kling, da gidan ibadar Sinawa na Cheng Hoon Teng wanda aka kafa a shekarun 1640. Ƙamshin turaren tsinke na wannan yana shiga harabar wancan.

Masallacin ya cancanci a tsaya. 'Yan kasuwa Musulmi daga kudancin Indiya ne suka gina shi da katako a 1748, aka sake shi da bulo a 1872. Ba shi da ƙubba. Rufinsa hawa uku ne, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, irin ginin masallatan Sumatara da Jawa. Hasumiyarsa tana tsaye ita kaɗai a gefe, fara, kuma duk wanda ya dube ta zai ga hannun maginan Sin. Ginshiƙan ciki na Turai ne, tayil ɗin bango ma daga Turai aka kawo shi, mumbarin katako ne da aka sassaƙe da ganye da furanni. A gefe akwai tafkin alwala, ruwa garai-garai, mutum ya tsuguna a bakinsa ya kamfata. Bayan masallacin kaburbura ne, da gajerun duwatsu a kai da ƙafa. Mutumin Kabi da ya taso a kan Malikiyya zai lura da abubuwa da dama idan salla ta riske shi a nan: liman yana bayyana bisimilla, ana ɗaga hannu a alƙunutun asuba, bayan sallama kuma jama'a su zauna su yi zikiri tare da murya, domin mutanen ƙasar Shafi'awa ne. Idan ya miƙa wa dattijon da ke kusa da shi hannu, dattijon zai karɓa, sannan ya kai tafinsa ƙirji, daidai yadda ake yi a gida. Ɗan gaba kaɗan akwai masallacin Kampung Hulu na 1728, da ganga rataye a saman ƙofar shiga, wadda a da ake bugawa don sanar da lokacin salla.

Gidajen kansu abin kallo ne. Fuskar gida ƙunƙuntacciya ce, taku kaɗan an wuce ta, amma cikinsa ya yi ta tafiya baya, ɗaki bayan ɗaki. Ana danganta hakan da harajin zamanin Holan, wanda aka ce da faɗin fuskar gida ake auna shi. Tun da babu taga a gefe, sai magina suka bar tsakiyar gidan a buɗe, haske ya sauko, ruwan sama ya zuba cikin kwarmin da aka tanadar masa, zafi ya fice ta sama. A titin Heeren, inda attajiran Sinawa haifaffun ƙasar suka zauna, an mayar da wasu gidajen gidan tarihi, ana shiga da kuɗi a ga kujeru da akwatunan aure da madafa. Wani gida mai lamba 8 a titin, ƙungiyar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta gyara shi da irin kayan da aka gina shi da su tun farko, wato farar ƙasa da katako da jan tayil na rufi, don magina su zo su ga yadda ake yi.

Abin da ya tsare waɗannan gidaje har suka kawo yau ba son tarihi ba ne tun farko. Kasuwa ce ta gudu. Bakin kogin ya cike da laka, Ingila ta buɗe Penang a 1786, ta buɗe Singafo a 1819, manyan jirage suka koma can, Malaka ta zama garin da ba wanda ke da kuɗin rushe gidan kakansa ya gina sabo. Turawan Ingila ma da kansu suka fasa ganuwar Fotugal a 1807, lokacin da suke riƙe da garin na wucin gadi kafin yarjejeniyar, ƙofa ɗaya tak ta tsira, ita ce yau ake rububin ɗaukar hoto a gabanta. Daga baya dokar ƙayyade kuɗin haya ta 1966 ta sa masu tsofaffin gidaje ba su ga ribar taɓa su ba, 'yan haya masu ƙananan sana'o'i suka ci gaba da zama. Da Hukumar UNESCO ta sa Malaka da George Town na Penang cikin wuraren tarihi na duniya a watan Yulin 2008, akwai abin da za a nuna.

Sai dai shaharar ta zo da nata ciwon, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. An soke dokar hayar, kuɗin haya ya tashi, maƙeri da mai gyaran takalmi suka riƙa ba masu shagon kofi da masu sayar da tsaraba wuri. Titin Jonker yakan cika maƙil a daren Juma'a da Asabar da Lahadi, amma da yawan kayan da ke kan teburan ana samun irinsu a kowace kasuwa ta duniya. An cike bakin teku da yashi an yi manyan kantuna, har ƙofar Fotugal da a da ruwa ke kusa da ita ta koma tsakiyar gari. Filin da jagoran ƙasar, Tunku Abdul Rahman, ya sanar da ranar samun 'yancin ƙasar a Fabrairun 1956, yanzu katafaren kanti ne ya mamaye shi. Wanda ke son ganin garin da ransa, ya zo da safe ranar aiki, lokacin da tsofaffi ke buɗe ƙofofin katako suna share gaban gida.

Ɗan ƙasar Gwandu da ya ji labarin ɗan sarkin da aka koro ya kafa kasuwa a bakin ruwa, bai kamata labarin ya zame masa baƙo ba. Jega da ke ƙasarsa haka ta faro.

Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu Usmanu ne da ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa ya zauna a Gimbana, a yankin da Jega take yanzu. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta afka wa Gimbana, ta kama mutane, ta biyo da su ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, daga nan jihadi ya tashi. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami, wanda a lokacin yake Kware, ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi, ya sami rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, inda Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi ɗauki aka ci garin, kuma a nan ne manyan biyu suka daidaita tsakaninsu. Ɗan Abdussalami, Buhari, ya yi mubaya'a, aka bar shi ya kafa gari a bakin gulbin Zamfara a farkon shekarun 1820. Garin shi ne Jega, jama'arsa Gimbanawa, sarautarsa Sarkin Kabin Jega.

Mutanen da aka ci da yaƙi sau uku cikin shekara ashirin, su ne suka gina ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Shi ma Buhari ya iya zaɓen wuri. Jega tana kan hanyar fataken Gwanja: ayari ya taso daga Kano ko Sakkwato, ya yada zango a nan, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya bi ta Jugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Suna tafiya da tufafi da kanwa da fatu da busasshiyar albasa, su komo da huhunan goro a kan jakai. Gishirin Foga yana shigowa daga yamma, gulbi kuma yana haɗa garin da Kwara da ƙasar Nufe idan ruwa ya kawo. Tafiyar Gwanja da dawowa takan ci watanni da yawa, damina takan tsare ayari a hanya, don haka garin zango yake bukatar fatoma mai saukar da baƙi, da dillali, da marini, da baduku, da malamin da zai duba wa madugu ranar tashi. Da Salaga ta watse a yaƙin basasar 1892, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 goro ya koma bin teku da dogo ta Ikko, zamanin ayari ya wuce. Jega ba ta kwanta kamar Malaka ba. Titin mota daga Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora ya ratsa ta, wani ya ɓalle zuwa Birnin Kabi, ta ci gaba da cin kasuwarta da shinkafa da albasa da tattasai da kifi.

Wannan ci gaba alheri ne, amma shi ya sa ake wuce garin ba a gan shi. Mutumin Karaye ko Maiyama da ya shigo cin kasuwa yakan sauka a tasha, ya hau kabu-kabu, ya sayi abin da ya kawo shi, ya juya. Matafiyi daga nesa kuwa abin da ya sani na Jega shi ne mahaɗar titi da gidan mai da mai tsire, sai kuma sunan Farfesa Attahiru Jega da ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. A bayan babur ba a yin sallama, kuma a ƙasar Hausa wanda bai yi sallama ba babu abin da za a gaya masa.

Tarihin Malaka yana kan bango, an rubuta shi a alluna da Malayanci da Turanci. Na Jega yana bakin mutane, hanyar ɗaukarsa kuma sananniya ce. Baƙo ya faro daga ƙofar fada, ya nemi mai unguwa ya gabatar da kansa, a haɗa shi da yaro. Ya bi lungu a hankali, bayan la'asar, lokacin da dattawa suka fito dakali. Ya cire takalmi a bakin tabarma, ya durƙusa.

"Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa."

"Alaikumus salamu. Samari, daga ina aka hito? Ɗan wa ne kai?"

Sai ya amsa wannan tambaya ta biyu yadda ya kamata kafin tasa ta sami shiga. Idan ta samu, tambayoyin da suka fi buɗe baki ƙanana ne: ina fatake ke sauke kaya a da, gidan wa ke saukar da Nufawa ko Yarbawa, ina marina take, ta wace hanya ake gangarawa mashaya, wace ƙofa ce aka rushe da aka zo yin titi. Dattijo ɗaya zai ce wannan sai gidan wane, a can kuma a ce a shiga ciki a tambayi Inna, domin asalin aure da dangantaka tsofaffin mata ne suka fi riƙe shi. Daga nan a gangara bakin gulbi a ga masunta da masu jirgi, a ga fadamar da ke ciyar da kasuwar. Wanda ya ƙara gaba zuwa Aliero zai tarar da abu biyu da suka kai sunan garin nesa, albasa da ɗori, kuma gidajen masu ɗorin da ake kawo wa karaya daga garuruwa masu nisa su ma tarihi ne mai rai, gadon kaka da kakanni da ake yi har gobe.

Matsalar da ta fi tsanani ita ce ta gini. Bulo da farar ƙasa na Malaka suna iya jure shekaru ba a kula da su ba. Tubali da azara ba su da wannan haƙuri. Soron ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, yana son a duba indararo, yana son makuba. Shekara biyu ko uku aka yi sakaci sai ruwa ya sami hanya, ambaliya irin ta 2020 da ta yi wa Kabi ɓarna kuwa ba ta jiran sakaci ma. Mai gida da ya sami kuɗi yakan yi ɗayan biyu: ya rushe ya sa bulon siminti da kwano, ko ya shafe tsohon bangon da siminti yana ganin ya taimake shi. Na biyun ya fi ban takaici, domin bangon ƙasa da aka shafe da siminti kamar mutum ne da aka sa wa rigar leda a bazara, danshi ya shiga ba ya fita, ciki ya ruɓe, wata rana shafen ya ɓamɓaro da rabin bangon. Masu gyaran gidajen Malaka sun guje wa siminti saboda wannan dalili ɗaya. Ba wanda zai ce wa magidanci ya zauna cikin ɗakin da ke yoyo don baƙi su zo kallo. Amma zaure ɗaya a gidan sarauta, tsohon masallacin unguwa ɗaya, gidan fatoma ɗaya, waɗannan ba su fi ƙarfin gari mai attajirai kamar Jega ba, matuƙar an kama maginan gargajiya tun suna da sauran ƙarfin koyar da yara.

Rubutu ma ba rasa shi aka yi ba. A Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi yake, a nan ne Bajamushe Heinrich Barth ya sami aron littafin Tarihus Sudan a 1853, ya zauna kwanaki yana kwafar abin da ya iya, kuma ta wannan hanya Turai ta fara sanin tarihin Sanwai dalla-dalla. Muhammadu Bello da kansa ya rubuta labarin abin da ya gudana tsakaninsa da Abdussalami, har da wasiƙun da suka yi musaya. Rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suna ajiye a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, akwai kuma cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga kundayen ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya rage shi ne a fito da kaɗan daga ciki zuwa inda ƙafa ke bi: allo a ƙofar fada, allo a tsohuwar kasuwa, allo a mashaya, da boko da ajami, layi huɗu ko biyar, yadda ɗan makarantar allo da ɗan firamare duk za su iya tsayawa su karanta. Kuɗinsa bai kai na ƙofar gari ɗaya ta siminti irin wadda ake ginawa a bakin titi ba.

An taɓa yin irin wannan a ƙasar Kabi, tun kafin a sami 'yanci. Da Sarkin Argungu ya koma sabuwar fada, ba a rushe tsohuwar ba. A 1958 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi na Kanta, kaburburan sarakuna suna ciki, an jera masu da takubba da sulke da tambura da homa da goran masunta ɗaki-ɗaki. Bikin kamun kifin garin, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, kuma duk shekarar da aka yi shi, baƙin da suka zo kallon kamun kifi a gulbin Matan Fada sukan taka daga bakin ruwa zuwa tsohuwar fadar su biya kuɗin shiga.